Fitila Mai Kunna Kanta: Amfaninta Ga Magidanta

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, sau da yawa iyalai kan haɗu a gidan haya bisa mita guda. 'Yan kasuwa su yi sammako, a bar ƙwan tsakar gida yana ci har rana tsaka. Ƙarshen wata kuwa sai gardama kan kuɗin wuta. Nauyin ya ƙaru a Afrilun 2024, sa'ad da Hukumar NERC ta mai da yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan Rukunin A.

Akwai fitilun zamani iri uku masu rage wannan asara:

1. Mai jin duhu: da magariba takan kama, gari na wayewa ta mutu.
2. Mai jin motsi: takan haska zaure ko makewayi in mutum ya doso, abin da ɓarawo ba ya so.
3. Mai bin umarnin wayar hannu: ana yanka mata lokaci, ko a kashe ta daga rumfar kasuwa, muddin gidan na da intanet.

Galibinsu ƙwan LED ne. Mai wat 9 kan ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. In kowannensu ya ci awa 10 kullum, a wata tsohon zai sha yunit 18, sabon kuwa bai kai 3 ba.

A lura: in an ɗauke wuta, sai mai batir kaɗai ke ci. A kuma guji jabu, domin araha ba ta ado.