Kafin Ka Taɓa Ƙafar Gaban Babur Ɗinka

Duk wanda ya zauna rabin yini a rumfar bakaniken babura, a Kano ne ko Maraɗi ko wata kasuwar ƙauye, zai ji irin buƙatun da masu babur ke zuwa da su. Wannan ya ce, "Oga, ɗaga mini gaban nan, cikin babur yana taɓa ƙasa a hanyar garinmu." Wancan ya ce a sauke masa don ƙafarsa ta riƙa kai ƙasa. Wani tayar gaba ce ta lalace har da rim, ba a sami irinta ba, ya ce a sa wadda ta samu. Wani kuwa yaro ne, so yake a rage masa faɗin kan babur don ya ji daɗin kurɗawa tsakanin motoci. Bakanike ya ɗauki sifana, kafin a kira la'asar an gama, an biya, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya tambaya ko me wannan gyara ya yi wa tafiyar babur.

To, jama'a, dalilin rubuta wannan takarda ke nan. Gaban babur awo ne, kuma waɗanda suka ƙera shi sun auna shi da milimita. Akwai wata 'yar rata a ƙasa, ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ido ba ya ganinta, amma ita ce ke riƙe da kai bisa babur. Kusan kowane gyara da aka yi a gaba sai ya taɓa ta.

Bari mu nemo ta. Kafa babur a wuri mai daidai, ka dubi wuyansa, wato bututun nan da ke gaban tanki inda kai ke juyawa. Za ka ga ba a tsaye yake cak ba, ya ɗan kwanta ta baya. Wannan ita ce kwanciyar wuya. A mafi yawan baburan hawa na yau da kullum takan kama daga digiri 25 zuwa 28. Baburan tsere sukan sauko wajen 23 ko 24, manyan baburan yawon shaƙatawa na Amurka kuwa sukan haura 30. Yanzu samo miƙaƙƙiyar sanda, ka daidaita ta da wuyan daga gefe, ka bi kwanciyarsa har bakin sandar ya taɓa ƙasa, ka yi zane a wurin. Sannan ka yi wani zanen daidai inda taya ta taka ƙasa. Za ka tarar zanen sanda yana gaba, zanen taya yana baya. Abin da ke tsakaninsu shi ne ratar da muke magana, kuma a irin baburanmu takan kai milimita 80 zuwa 100.

Me ya sa wannan rata ta zama abin kula? Dubi tayar da ke ƙarƙashin gadon asibiti ko kujerar ofis. Ko ta ina ka tura, tayar takan juya da kanta ta bi bayan ƙarfen da take rataye a jiki, kamar yadda akuya ke bin igiya. Tayar gaban babur ma jan ta ake yi. Tun da inda take taka ƙasa yana bayan layin wuya, in dutse ko rami ya kautar da ita, ƙasa da kanta za ta jawo ta ta koma saiti. Shi ya sa yaro ke iya sakin hannu a kan keke, shi ya sa kuma kake iya tura keke ta sirdi ya tafi sak. A shekarar 1970 wani masani ɗan Ingila, David Jones, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da kekuna da ya sauya wa ƙira da gangan don ya gano abin da ke hana keke faɗuwa. Wanda ya mayar wa da ratar ta koma gaba, da an tura shi ba kowa a kai sai ya kife nan da nan. Daga baya injiniya Tony Foale ya ɗauki babur ƙirar BMW ya yi ta miƙar da wuyansa har ya tsaya cak, amma ya bar masa rata, babur kuwa ya hawu lafiya. Ashe ba kwanciyar wuya ce uwa ba, ratar ce.

Ƙa'idar ba ta da wuya. In rata ta yi yawa, babur zai tafi a miƙe kamar jirgin ƙasa, amma kai zai yi nauyi, shan kwana sai da ƙarfi. In ta yi kaɗan, kai zai yi sakayau, babur ya riƙa juyawa da ɗan motsi, sai dai a kan gudu ba shi da natsuwa. Kamfani yakan zaɓi tsakiya gwargwadon aikin da aka yi babur dominsa.

Mu koma rumfar bakanike. Wanda ya ce a sauke masa gaba, abin da za a yi shi ne a kwance notocin da suka damƙe sandunan shokozoba, a turo sandunan sama. Gaba ya sunkuya, wuya ya ƙara miƙewa, zanen sandar nan ya matso kusa da taya. A babur mai tsawon wajen milimita 1,250 tsakanin tayoyinsa biyu, saukewar inci ɗaya takan cinye kusan digiri ɗaya na kwanciyar wuya, da rata kimanin milimita 6. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. A tsaye, i. Amma ka tuna duk lokacin da ka damƙi birkin gaba, shokozoba takan nutse, gaba ya ƙara sunkuyawa, rata ta ƙara raguwa. Kamfani ya riga ya yi lissafin wannan ragi ya bar masa wuri. Kai kuma ka zo ka ci daga cikin abin da aka bari. Ranar da tunkiya ta faɗo maka titi kana kan gudu, a ranar za ka nemi waɗannan milimita shida. Ga kuma wani haɗarin da ba a faɗa wa mai babur ba: in aka sauke da yawa, murfin taya na iya bugun ƙasan wuya lokacin da aka faɗa rami, ya danne tayar.

Ɗagawa kuma akasin haka ce. Wasu sukan sa doguwar ƙafa ta wani babur, wasu su cusa guntun bututu a kan sifirin. Rata ta ƙaru, nauyi ya koma baya, kuma a ƙaramin gudu sai ka ji kai yana son faɗawa gefe da kansa da zarar ka ɗan karkata shi. Mai ɗauke da matar aure da goyo a lungu mai yashi, wannan ba ƙaramar fitina ba ce.

Batun taya shi ne aka fi rainawa. Bajaj Boxer rim ɗinsa inci 17 ne, Honda CG125 kuwa inci 18. In aka cire mai 18 aka sa mai 17, an yi ragi biyu a lokaci guda. Na farko, ƙaramar taya da kanta tana rage rata, domin layin wuya yakan riski ƙasa da wuri. Na biyu, gaba ya sauka da rabin inci, wuya ya miƙe. In aka haɗa, abin da ya tafi ya kusa milimita 10, wato kashi ɗaya cikin goma na ratar duka ko fiye. Haka nan sa ƙatuwar taya mai faɗi a kan siririn rim don ado: tayar takan matse, bayanta ya canza siffa, babur ya riƙa shiga kwana ba yadda hannu ya saba ba. Iskar taya ma tana cikin lissafi. Mai faci da ke auna iska da bugun sifana ba ma'auni ba ne, a nemi mai agogo.

Akwai wani tarko da ya kamata samari masu kwaikwayon abin da suke gani a waya su sani. A Amurka, musamman Kalifoniya cikin shekarun 1960, aka yi yayin baburan nan masu doguwar ƙafar gaba da ta miƙe can nesa, waɗanda fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa wa duniya. Wasu kwanciyar wuyansu takan kai digiri 45. An yi su ne don miƙaƙƙun hanyoyi da burgewa, juya su a ƙaramin fili kuwa aiki ne. Masu neman wannan kama da araha sukan bar wuya yadda yake, su sa maƙallan da za su tura ƙafar kaɗai ta yi gaba. A ido, sai ka ce babur ya ƙara natsuwa tun da ya yi tsawo. Alhali layin wuya yana nan inda yake, taya ce ta matsa gaba ta cim masa. Rata ta ragu, wani lokaci ta ƙare sarai, har ta koma gaba irin ta keken Jones. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Amma gyaran da ya fi yawa a wurinmu ba na ado ba ne, na bayan haɗari ne. Babur ya yi karo, ƙafa ta lanƙwashe, a kai wa mai walda ya gasa ta da wuta ya buga da guduma. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, kuma sandar da ta riga ta yi ƙugu ba ta komawa daidai, sai sabuwa. In ɗaya ta fi ɗaya lanƙwasa, babur zai riƙa ja gefe, mai shi yana ta danne kai bai san dalilin ciwon kafaɗarsa ba. Mafi muni shi ne in wuyan da kansa ya motsa aka yanke aka sake liƙawa da ido. Kuskuren digiri biyu ba ya ganuwa a rumfa, sai a kan kwalta. Mai sayen babur na hannu, ka durƙusa ka duba wuya: in ka ga sabon fenti ko tabon walda a wurin, ka tambaya, in amsa ba ta gamsar ba ka bar shi.

Rage faɗin kai bai taɓa rata ba, amma ya rage maka iko a kanta. Kowa ya san gajeren sifana ba ya kwance noti mai tauri. Da gajeren kai, in taya ta faɗa yashi ta fizge, hannunka ba shi da ƙarfin mayar da ita.

Sai lodi, wanda shi ma gyara ne ko da ba a taɓa noti ba. Buhu biyu a kariya da mutum a bisa, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayar gaba tana shafar ƙasa kawai. Rata kuwa ba ta aiki sai da nauyi a kan taya. Jarkoki da aka rataya a kai su kuma suna ƙara wa kan nauyin lilo. A irin wannan hali ne ake gamuwa da abin da tsofaffin 'yan acaɓa suka sani sarai: kai ya kama karkarwa, yana bugawa hagu da dama sau da yawa cikin daƙiƙa guda, har ya kusa dukan tanki. Wasu su ce iska ce ta hanya. Ba aljani ba ne, taya ce ke ƙoƙarin komawa saiti tana zarcewa, ta dawo ta sake zarcewa. In ya same ka, kada ka ƙanƙame kai, kada ka damƙi birkin gaba. Matse tanki da gwiwoyinka, sunkuya gaba, ka sassauta mai a hankali har gudu ya ragu. Bayan nan kada ka ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, domin abin da ya jawo shi yana nan.

Sau da yawa boris ɗin wuya ne. Gwada shi ba ya cin ko sisi. Ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Juya kai a hankali daga gefe zuwa gefe. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa ɗan rami, boris ya ci. Kama ƙafafun biyu ka ja gaba ka tura baya, in ka ji ƙwas-ƙwas, ya yi sako-sako. Duba kuma ko sandunan biyu tsayinsu ɗaya a saman maƙalli, ko akwai mai da ke tsiyaya a jikin ɗaya. Shokozoba guda da mai, guda a bushe, babur ne mai ɗingishi. Kuma man shokozoba daban yake, baƙin man da aka juye daga inji ba madadinsa ba ne.

Ba a ce kada a taɓa gaban babur ba sam. Masu tsere suna taɓa shi kullum, amma da milimita biyu ko uku suke matsawa, su rubuta, su gwada, sannan su ƙara. Ku bakanikai, ku ne malaman wannan sana'a, kuma yaran da ke koyo a hannunku abin da suka ga kuna yi shi za su yi. In mai babur ya zo da buƙatarsa, ku gaya masa abin da gyaran zai jawo kafin ku kwance noti. Ku auna tsayin da kuka tarar ku rubuta, don a iya mayarwa. Kada ku sauya abu biyu rana ɗaya. Kai kuma mai babur, in an gama, sa hular kwano, ka fara gwada shi kai kaɗai a fili da ƙaramin gudu, ka taka birki, ka sha kwana hagu da dama. Sai ka gamsu da yadda kan yake a hannunka tukuna ka ɗora iyalinka ko fasinja.