Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana sai ya gani da ido yake ganewa

Tambaya: Ina da yaro ɗan shekara 7 a aji CP, wato aji biyu na firamare. In malaminsu ya yi bayani da baki, ta nan ya shiga ta nan ya fita, amma abin da ya gani a hoto ko bidiyo ba ya mantawa. An ce in riƙa saka masa bidiyon karatu a waya. Zai amfane shi, ko lalata shi zan yi? Daga wata uwa a Malanville, Jamhuriyar Benin.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Zai amfane shi, matuƙar ba a miƙa masa wayar an juya baya ba.

Kafin mu zo kan waya, ki duba wani abu. Yaron Malanville yana tashi da Dendi ko Hausa ko Fulatanci a bakinsa, ranar da ya shiga aji CI, wato ajin farko, kuma sai ya tarar komai da Faransanci ake yi. Mai yiwuwa kunnen ɗanki lafiya lau, harshen ne bai gama kama shi ba, shi kuwa hoto ba ya bukatar tafinta. Ki gwada yi masa bayanin darasin da harshen gida. In ya gane, kin san inda gizo ke saƙa. In ko a gida ma sai an maimaita kira yake waiwayowa, a kai shi asibiti a duba kunnen.

Zancen cewa wani yaro na ido ne, wani na kunne, ya yaɗu ƙwarai, amma masana da suka bi diddiginsa a Amurka a 2008 ba su sami hujjar cewa koyar da yaro ta hanyar da aka ce ita ce tasa na ƙara masa fahimta ba. Hoto na taimakon kusan kowane yaro. Don haka kada ki yanke masa hukunci, har ya girma yana cewa shi ba ya gane magana.

Abin da za ki saka masa ba shi da yawa. Akwai GCompris, manhaja ce ta kyauta da wani Bafaranshe ya fara a 2000 don yara 'yan shekara 2 zuwa 10. Tana da haruffa da ƙidaya da Faransanci, kuma in an sauke ta ba ta bukatar intanet, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data a MTN ko Moov. Akwai kuma zanen Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, ana samunsa da Hausa da Faransanci. Ki sauke bidiyo biyu ko uku, ki kashe data kafin wayar ta shiga hannunsa. In an bar YouTube a buɗe, daga darasin ƙidaya sai ki tsince shi a kallon kokawa.

Yadda za a yi kallon shi ne ainihin maganar. Ki zauna kusa da shi. In bidiyon ya nuna biyar a tara da uku, ki tsayar, ki zube masa albasa takwas a tabarma, ya ware biyar gefe, uku gefe, ya haɗa da hannunsa yana faɗa da ƙarfi, da Hausa sannan da Faransanci. Daga nan ya ɗauki allonsa da alli ya rubuta. In harafi ne, ya zana shi a ƙasa da yatsa. Ranar kasuwa ki riƙe hannunsa, ya nemo miki harafin a jikin buhun shinkafa ko a bayan manyan motocin da ke tsaye a bakin hanya. Yaron da ya kalla kawai zai rantse ya iya, gobe a tambaye shi ya yi zuru. Ko ke ba ki yi boko ba, yayarsa ko yayansa na aji CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, zai iya zama da shi, ke kuma ki sa ido.

Batun lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada yara 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a gaban allon waya ko talabijin a rana. Naki ya wuce wannan shekarun, amma a ganina minti 20 zuwa 30 sun isa, bayan la'asar, ba lokacin barci ba. Ƙannensa ƙanana kuma a janye su.

Ki je ki ga malaminsa, ki tambaye shi darasin da suke kai a wannan makon, ki zaɓi bidiyon da ya dace da shi. Bayan wata guda ki buɗe littafinsa na aji ki gwada da na baya, sannan ki sake rubuto mana.