Yadda Ake Haɗa Kuntigi a Gane Sirrin Amon Tsirkiya

Marigayi Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ya cika Najeriya da kiɗa. Mai son sanin yadda kunne ke bambanta amon kuntigi da na goge, ya haɗa nasa ya gwada.

Da farko nemi gwangwanin kifi, da sanda mai santsi kamu biyu, da waya siririya, da guntun fatar akuya. Ranar kasuwar Kazaure ko ta Babura duk za ka samu. Jiƙa fatar, ka rufe bakin gwangwanin da ita, ka ɗaure tamau, ka bari ta bushe a inuwa. Zura sandar, ɗaura tsirkiyar daga wannan kai zuwa wancan, sannan ka sa ɗan itace a kan fatar ya tokare tsirkiyar. Shi ne jaki.

Kafin ka sa jakin, kaɗa ka saurara: da ƙyar za ka ji wani abu. Tsirkiya ba ta da faɗin da za ta tura iska. Jaki ke kai girgizarta ga fata, fata kuma ta motsa iskar da ke shiga kunnenka. Shi ya sa da damina, in fata ta saki, amon kan dushe sai an shanya ta a rana.

Yanzu danne tsirkiyar daidai tsakiya ka kaɗa. Girgizar ta ninka sau biyu, murya ta hau sama. Da ɗaurewa kuwa, sai ƙarfin jan ya ninka sau 4 kafin ka kai wannan muryar. Marin Mersenne na Faransa ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1636.

Gwajin da na fi so ka daɗe a kansa shi ne wurin kaɗawa. Kaɗa kusa da jaki, za ka ji amo mai kaifi. Koma tsakiya, sai ya yi taushi, alhali muryar ba ta canza ba. Dalili shi ne tsirkiya na girgiza gaba ɗayanta, tana kuma girgiza rabi-rabi da kashi uku-uku a lokaci guda, kowane da siririyar muryarsa. Kaɗin tsakiya yana kashe wasunsu. Siraran nan su ke fara mutuwa, shi ya sa kuntigi ke farawa da kaifi ya lafa. A goge kuwa, izgar da aka shafa wa ƙaro tana kama tsirkiya tana saki, amon bai yankewa.

Mataki na ƙarshe na kwamfuta ne. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka fitar da dabarar kwaikwayon tsirkiya: a saki 'yar gajeriyar hayaniya, a riƙa maimaita ta, kowane zagaye a rage mata kaifi. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana da wannan a ƙarƙashin sunan Pluck. Ɗauki amon kuntiginka da wayar hannu, ka jera shi da na kwamfutar. Sannan yanke farkon kaɗin ka kunna wa wani. Zai sha wuya kafin ya faɗi abin da ake kaɗawa, domin kunne da bugun farko yake gane kayan kiɗa.

Ɗaliban kimiyya na kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ku je Roni da Gwiwa ku nemi masu garaya da kukuma, ku ɗauki amonsu ku auna tun suna raye.