Darasi: Ajiyar Da Ta Kusa Salwanta

A shekarar 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasarsa. An ƙidaya gonaki da dabbobi da masu su, domin a san harajin da za a karɓa. Aka rubuta sakamakon da tawada a kan fatar tumaki. Sunan littafin Domesday. Har yau yana nan a gidan adana tarihi da ke Landan, kuma masana suna iya karanta shi.

A shekarar 1986 littafin ya cika shekara 900. Sai gidan rediyo da talabijin na BBC ya shirya sabon ƙidaya don tunawa da shi. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta. Kowa ya rubuta labarin garinsu, aka haɗa da hotuna da taswira.

Amma wannan karon ba a takarda aka rubuta ba. An zuba aikin a kan manyan fayafayai guda biyu. Fayafayan ba sa buɗuwa sai da wata na'ura ta musamman, haɗe da wata irin kwamfuta ta kamfanin Acorn. Kayan suna da tsada, saboda haka kaɗan aka sayar. Ba da daɗewa ba aka daina ƙera su. Waɗanda ke hannun mutane suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin shekara 16 ta cika, aikin ya zama kamar akwati cike da kaya, amma mabuɗin ya ɓata. Rubutun fata ya shekara 900 lafiya, na zamani kuwa yana neman salwanta.

Yadda Aka Ceto Shi

Masana daga jami'ar Leeds ta Ingila da jami'ar Michigan ta Amurka suka tashi tsaye. Da farko suka nemo tsohuwar na'ura mai sauran rai, suka kwashe abin da ke kan fayafayan. Amma kwashewa kaɗai ba ta isa ba, don sabuwar kwamfuta ba ta gane tsarin da aka bi aka jera bayanan. Sai suka koya mata ta kwaikwayi tsohuwar. A shekarar 2002 aikin ya sake buɗuwa. A 2011 BBC ta sa wani sashe nasa a intanet.

Abin Lura

Mutanen karkara ma suna da irin wannan ajiya. Akwai kaset na wa'azi da na biki, ga shi rikoda ta yi wuya. Akwai hotuna da lissafin bashi a cikin waya. Saboda haka:

1. Muhimmin abu, kamar iyakar gona ko bashi ko ranar haihuwa, a rubuta shi a takarda.
2. A yi kwafi biyu, a ajiye a wurare dabam.
3. A juye tsohon kaset tun na'urarsa tana aiki.
4. Kada a yar da tsohon kaset ko faifai don an kasa buɗe shi. A kai wa masani.

Da ma Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A kan me aka rubuta littafin 1086?
2. Me ya hana a buɗe fayafayan 1986?
3. Wace ajiya ce a gida ta kamata a rubuta a takarda?