Shirin Damina: A Gyara Gida Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Manoman Dogarawa da Galmi, kun ga ɓarnar da ambaliyar 2024 ta yi a jihar Tawa. Gidan ƙasa ba rana ɗaya yake faɗuwa ba, ruwan da ya kwanta a gindin bango shi ke cinsa a hankali. Saboda haka tun watan Mayu a sake yaɓe, a gyara indararo, a buɗe wa ruwa hanyar fita. Rumbun da ke kusa da Majiya a ƙara masa duwatsu ya tashi. Takardun haihuwa da na gona a ƙulle su cikin leda, a rataye sama tare da tocila. Rijiyar da ambaliya ta shiga, sai an tafasa ruwanta kafin a sha. In bango ya tsage kuwa, a kwashe yara zuwa maƙwabta, ko da tsakar dare ne.