Wane Aiki Ake Yi da Tarihi, Siyasa da Labarin Ƙasa?

Iyaye a Jega da Aliero da Maiyama sukan tare ɗansu da tambaya: "Wannan karatun naka, ina zai kai ka?" Suna da gaskiya, domin takardar digiri kaɗai ba ta buɗe ƙofa yanzu.

Mai kimiyyar siyasa yana da abin koyi a gida. Fannin Farfesa Attahiru Jega ke nan, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta INEC daga 2010 zuwa 2015. Ba kowa zai kai can ba, amma aikin jarida da na majalisa da sa ido kan zaɓe suna neman mai iya rubuta rahoto tsaf.

A ganina ɗan labarin ƙasa ya fi kowa sa'a, in ya koyi zana taswira da kwamfuta. Manhajar QGIS kyauta ce. Sauke ta tun kana aji biyu, ka ɗauki wayarka ka bi fadamar Gulbin Zamfara kana alamta inda ambaliya ke ci, ko ka auna gonakin albasa na Aliero. Irin wannan taswira, ta hannunka, ita za ka ajiye gaban jami'an filaye ko na ƙidayar jama'a ranar ganawa.

Ɗan tarihi kuwa ya dage da Larabci da ajami, don rubuce-rubucen da ke Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna suna jiran mai karanta su. In koyarwa kake so, ƙara difilomar ilimi, ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.