Darasi: awon maganin bisashe da kalmomin da ke jikin kwalba

Ƴan uwa ma'aikatan kiwo, darasin wanga karo ya shafi abin da muke yi kullum a wurin aiki da kasuwannin bisashe, wato ba da magani. Sau da dama makiyayi zai ce magani bai yi aiki ba, alhali ba laifin maganin ba ne, awon ne bai cika ba. In awo ya gaza, ciwo ba ya warkewa. In ya zarce, magani ya koma guba.

1. Suna biyu na magani

Kowane magani yana da sunan kasuwa, wanda kamfani ya laƙaba masa, da kuma sunan sinadarin da ke aiki a cikinsa. Berenil da Veriben sunayen kasuwa ne, amma sinadarinsu guda ne, diminazen, maganin sammore. Wanda bai san haka ba sai ya yi ma saniya duka biyun, ya ninka mata awo. Dan haka, sunan sinadari ake fara dubawa.

2. Ƙarfin magani

Ƙarfi shi ne yawan sinadarin da ke cikin kowane mililita, wanda muke kira cc. A jikin kwalba ana rubuta shi da alamar %. A ninka lambar sau 10, sai a samu miligiram nawa ke cikin cc guda. Oksitetarasikilin 20% yana da miligiram 200 a cc, na 10% yana da 100, na 5% yana da 50. Ibarmektin 1% yana da miligiram 10.

Kun ga ke nan cc 10 na wannan kwalba ba daidai yake da cc 10 na waccan ba. Wanda ya saba da cc 1 ga kilo 10 na kwalbar 20%, in ya bi wannan awo da kwalbar 5%, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ba bisa.

3. Awo da lissafinsa

Awo shi ne miligiram nawa za a ba kowane kilo na nauyin bisa. Ga yadda ake lissafi: nauyi a ninka da awo, a raba da ƙarfi, abin da ya fito shi ne cc.

Misali na farko: sa mai kilo 250, za a yi masa oksitetarasikilin 20% mai daɗewa a jiki, wanda ake rubuta ma LA. Awonsa miligiram 20 ga kilo. 250 sau 20 ya ba da 5000, a raba da 200, ya zama cc 25. Ba a zuba shi wuri guda, a raba shi gefe biyu ko uku dan kada wurin ya kumbura.

Misali na biyu: jar akuyar Maraɗi mai kilo 25, za a yi mata ibarmektin 1%. Awonsa miligiram 0,2 ga kilo. 25 sau 0,2 ya ba da 5, a raba da 10, ya zama rabin cc. A nan ƙaramin sirinji ake so, domin babba ba ya nuna rabin cc da kyau.

Misali na uku: ƙunshin diminazen mai giram 2,36 yana ɗauke da giram 1,05 na sinadari. Ana narkar da shi cikin cc 12,5 na ruwa mai tsabta, ya ishi saniya mai kilo 300 a kan awon miligiram 3,5 ga kilo.

Ido yana ruɗi wajen nauyi, musamman ga shanun Bororo masu tsawo da ƙaho. In akwai zaren awon ƙirji, a yi aiki da shi.

4. Hanyar ba da magani

IM na nufin allura cikin tsoka, SC ƙarƙashin fata, IV cikin jijiyar jini. Akwai kuma na baki da na shafawa. Ta jijiya magani ya fi saurin aiki, ya kuma fi haɗari, dan haka sannu a hankali ake tura shi. Ibarmektin ƙarƙashin fata ake yin sa, oksitetarasikilin LA kuwa can cikin tsoka. Kada a sake hanyar da aka rubuta.

5. Ba kowace bisa ke ɗaukar kowane magani ba

Diminazen da ke warkar da saniya yana iya kashe raƙumi. Abokan aikinmu na Tawa da arewacin Damagaram su riƙe wannan da kyau: sammoren raƙumi yana da nasa magani, kamar melarsomin. Hakanan albandazol, maganin tsutsar ciki da ta hanta, ba a ba bisa mai ƙaramin ciki, domin yana iya lahanta ɗan da ke ciki. A tambayi mai bisa kafin a ba da shi.

6. Lokacin jira

Magani in ya shiga jini yana bin jiki duka, hanta ta sarrafa shi, sannan ya fita ta fitsari, kashi da nono. Kafin ya gama fita, saura na nan cikin nama da nono. Kwanakin da ake dakatawa kafin a yanka ko a sha nono su ne lokacin jira, wanda kwalba ke rubutawa da Faransanci délai d'attente. Kowane magani da nasa. Na oksitetarasikilin LA ga nama ya kan kai sati 3 ko fiye. Allurar ibarmektin kuwa ba a yin ta ga saniyar da ake tatsa dan mutane su sha. A gaya ma masu kiwon ragon layya su ƙirga kwanaki kafin salla.

7. Taurin kan ƙwayoyin cuta

In aka ba da rabin awo, ko aka tsaida magani na kwana 3 zuwa 5 tun rana ta farko dan bisa ta fara cin abinci, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu ƙarfi su saura su hayayyafa. Gobe maganin ba zai ci su ba, ko a wannan garke ko a na maƙwabci. Makiyayin da ya raba ƙunshi guda ma shanu uku dan tattalin kuɗi, asara ya saya. Maganin tebur da ya sha rana a kasuwa, ko wanda kwanansa ya wuce, shi ma rabin awo ne.

8. Rigakafi dabam, magani dabam

Allurar rigakafi ba ta warkar da bisa marar lafiya, mai lafiya ake yi ma ita tun ciwo bai zo ba. Zafi na kashe ta. A ajiye ta yadda takardarta ta ce, a firigo ko akwatin ƙanƙara, kuma in an haɗa ta da ruwa a yi aiki da ita nan take.

Aikin gwaji

a) Rago mai kilo 40, cc nawa na oksitetarasikilin 20% LA zai samu?
b) Saniya mai kilo 200, cc nawa na ibarmektin 1%?
c) Makiyayi ya kawo raƙumi da ƙunshin diminazen a hannu. Me za ku ce masa?

Ku yi lissafin a rubuce, ku gwada da na abokan aikinku. Kuma duk allurar da kuka yi, ku sa cikin littafi: rana, sunan magani, nauyi, awo da ranar ƙarewar lokacin jira.